Yadda Na Kai Wa Mai Boko Labarin Uwarta

Tun da na dawo daga Suwidin ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona a Ƙofar Dumi sai ya jefo tambaya. Wai da gaske ne majina na daskarewa a hanci? Wai Turawan can suna wanka kuwa? Alhaji Danjuma mai goro, abokina tun muna yara, ya tambaye ni sau huɗu ko na ga Baturiyar da ta yi min, kamar akwai Baturiyar da za ta kalli bakin da haƙora tara suka rage a ciki. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na sayi littafi da biro. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Aji uku na yi a firamare aka kore ni, saboda na zuba wa malamin lissafi shuni a buta ya yi alwala da shi.

Amma in gaya muku tun daga farko, ba kallon ƙanƙara na je ba. Labarin rasuwa na ɗauka a bakina, na tsallake teku da shi, kuma an hana ni furta shi sai ranar da aka yanka min.

Ni Sule, marini ne ɗan marini. Hannuna shuɗi ne har gwiwar hannu, sabulu ya daɗe da sallama min. 'Yata ta fari ita ce ke karatu a can. Kunya biyu ce tsakanina da ita: 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kiran sunanta ba. Mutanen gida na ce mata Ummi, ni kuwa Mai Boko nake cewa, ko in ce "ke". Shekara biyar tana neman digirin dakta a kan farantin sola, amma ba irin mai nauyin nan da ake ɗorawa a rufin ɗaki ba. Nata wai siriri ne kamar leda, ana shafa shi ne.

A shekararta ta biyu na faɗo daga acaɓa na karya ƙafa. Wani mai gaggawar baki ya buga mata waya, ta baro komai ta taho, ta yi wata biyu tana jinyata. Kafin ta koma, abubuwan da ta haɗa sun lalace, sai da ta sake daga tushe. Uwarta, Rabi, ba ta taɓa yafe wa ƙafar nan tawa ba. Saboda haka da ciwon ƙoda ya kama Rabi, sai ta kafa doka a gidan: duk Juma'a in yarinyar ta kira, amsa ɗaya ce, "da sauƙi." Kun san mu dai. Mutum na shure-shuren mutuwa, a tambaye mu, mu ce da sauƙi.

Kwana huɗu kafin ta cika, ta kira ni bakin gado. Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu nas, mutuniyar Bogoro, tana gyara mata ƙarin ruwa.

"Malam, ka san aikin yarinyar nan?"

Na ce, "Na sani mana. Sola."

"Ba ka sani ba, kai dai baki. Ta gaya min, in rana ta bugi abin nan, wasu 'yan abubuwa biyu ne ke rabuwa, kowa ya kama hanyarsa. In sun kai bakin waya, wuta ta samu. In ɗaya ya juyo tun bai kai ba, ranar ta faɗi a banza. Saura mata kwana ashirin ta kai bakin waya. In na riga na tafi, kada ka juyo min da ita."

Madam Rifkatu ta ajiye abin da ke hannunta. "Maman Ummi, wannan ba daidai ba ne. Baba Sule, kada ka yarda. Yarinya yana da hakki ya sani."

Rabi ba ta ko kalle ta ba, ni take kallo. Shekara talatin da uku ban taɓa cin gardama da matar nan ba, ba a bakin gadon mutuwa zan fara ba. Na ɗauki alkawari.

Ranar Talata da hantsi ta rasu, saura kwana goma sha shida yarinyar ta kare littafinta a gaban malamai. Mutane na zuwa min ta'aziyya, ni kuwa ina bin samari da 'yan matan dangi ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kada wanda ya ɗora hoton Rabi a waya. Wayar Rabi kuwa da hannuna na jefa ta a bahon rini. Juma'ar farko na ce wayar Inna ta faɗa ruwa, kuma tana barci, amma da sauƙi. Juma'a ta biyu na ce ta tafi Dass wurin ƙanwata shan magani, can babu sabis, kuma likita ya hana ta hawa jirgi, sai dai in zo ni kaɗai. Ƙarya ba baƙuwa ba ce a bakina. Shekara arba'in ina cewa masu shadda "gobe ka dawo, ta bushe," alhali ko jiƙa ta ban yi ba. Amma wannan ƙaryar, in na faɗe ta, sai in ji kamar na haɗiyi toka.

Biza dama ta fito mana mu biyu tun Rabi na iya zama, tikiti ma biyu yarinyar ta yanka. Na shiga Kasuwar Muda Lawal wurin 'yan gwanjo na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi mai ɗamara, mai gashi a wuya. Na sayi kilishi. Sannan na buɗe ɗakin Rabi na ɗauko abin da ta tanadar wa tafiyar: kuka, da ƙullin daddawar da ta yi da hannunta kafin ta kwanta, da wani zane da ta sa na rina mata har sau uku tana cewa bai kama ba. Madam Rifkatu ta rubuta min takarda da Turanci mai ɗauke da inda za ni da wurin wanda za ni. Da ta miƙo min ba ta ce a sauka lafiya ba. Cewa ta yi, "Allah ya ba ka bakin faɗa mata."

Hanyar Jos zuwa Abuja ba sai na ba ku labari ba, kun san ta. Taya ta fashe mana bayan Akwanga, muka yi awa biyu a gindin mangwaro, wata mata mai jariri ta ba ni gyaɗa na kasa taunawa. A filin jirgi na cire hula, na cire takalmi, na cire agogo, injin bai daina kuka a kaina ba, ashe allurar ɗinkin buhu ce a aljihun 'yar shara. Aka karɓe.

A jirgi kujerar da ke gefena babu kowa. Ta Rabi ce. Na ɗora jakata a kai don kada in riƙa ganinta, ma'aikaciyar ta zo ta ce in sauke. Na sauke. Da muka canja jirgi a Istanbul, na ɓace sau biyu a cikin wani gini da ya fi unguwarmu girma, kuma a jirgi na biyu ma kujerar tana nan babu kowa. Can gefenta wani baƙin mutum mai gemu ya ji ina salati da jirgi ya girgiza, ya leƙo ya ce, "Dattijo, Bahaushe ne?" Sunansa Isiyaka, ɗan Zangon Kumasi, direban bas ne a Suwidin shekara ashirin. Hausarsa a karkace take, amma a ranar ta fi min ruwan sanyi.

Ban san abin da ya kama ni ba. Abin da na roƙi rabin Bauchi su ɓoye sai na zazzage wa wannan baƙon kaf. Sai da aka kwashe kwanonin abinci sannan ya ce, "Ni ma haka yayana ya yi min. Tsohuwata ta mutu, sai bayan arba'in na ji. Wai kada in bar aiki."

Na ce, "To, ai don kai ya yi."

"Haka ya ce. Shekara tara ke nan ban ƙara kwana a gidansa ba."

Daga nan har muka sauka ban sake tambayarsa komai ba.

A bakin iyaka aka kai ni gaban wani saurayin jami'i cikin keji na gilashi, Isiyaka ya tsaya yana min tafinta. Wurin wa ka zo? Na ce wurin 'yata. Mene ne sunanta? Na tura masa takardar Madam Rifkatu. Ya ce ya gani, da baki yake so in faɗa. Na ce wa Isiyaka, "Gaya masa sunan uwata gare ta." Jami'in ya ce to mene ne sunan uwar taka? Jama'a, layi ya taru a bayana, gumi na keto min cikin rigar gashi, ga ni tsoho wai ban san sunan 'yata ba. Isiyaka ya daɗe yana bayani da yarensu, yana nuna ni yana dafa ƙirji. Jami'in ya kalle ni kamar an ce masa a garinmu da ka muke tafiya. Daga ƙarshe ya buga wa yarinyar waya, na ji dariyarta daga cikin keji, ya buga min hatimi.

'Yan kwastan kuwa kare suka sa min. Kilishi ya tafi nan take, wai nama ba ya shiga ƙasarsu, na ce su ci lafiya. Amma da matar ta buɗe ƙullin daddawa ta ja da baya ta toshe hanci, ta nufi kwandon da ta jefa kilishi, sai na ji hannuna ya riƙe ƙullin. Ban yi shawara da shi ba. Na ce wa Isiyaka, "Gaya mata ba nama ba ne, 'ya'yan itace ne, ɗorawa. Gaya mata wadda ta yi shi ba za ta sake yin wani ba." Ban san yadda ya juya maganar ba. Matar ta kira wani, suka duba littafi, suka shinshina, suka sa min shi a leda biyu suka miƙo. A nan muka rabu da Isiyaka. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka bari ta ji a bakin wani."

Tana tsaye a bakin ƙofar fita. Ta rame, ta sa tabarau. Ta san ni kaɗai zan zo, amma na ga idonta ya wuce ni ya duba bayana. Sannan ta ga rigata, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Baba! Wa ya sayar maka da wannan? Ta mata ce!"

"Sanyi ya san mace da namiji ne?"

Ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba, na sandare kamar muciya. Muna shiga jirgin ƙasa ta ce, "Ya jikin Inna?"

Na ce, "Da sauƙi."

Garin da take ƙarami ne, tsaf-tsaf, shiru kamar an yi musu rasuwa su duka. Ƙanƙara ta fara narkewa, ta koma caɓi a gefen titi. Ɗakinta ɗaya ne a hawa na huɗu, ta ba ni gado ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Abu ɗaya na ga mun yi tarayya da mutanen nan, suna cire takalmi a ƙofar ɗaki. Amma gaisuwa babu. Na yi wa wani tsoho sannu a cikin akwatin nan mai hawa da mutane sama, ya matsa lungu kamar zan ƙwace masa jaka. Maƙwabcinta shekara huɗu ba ta san sunansa ba. Na ce a raina, a nan in mutum ya mutu, ɓoye labarin ba zai yi wuya ba.

Abincinsu kifi ne ɗanye da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari, da wani burodi kamar falankin katako, da gahawa ba dare ba rana. Na ba ta haƙuri na ce haƙorana tara ne, ina so in koma da su. Sai ta kwance ƙullin daddawa. Ta ɗaga shi ta shinshina ta rufe ido, ta ce, "Hannun Inna." Ta buɗe taga saboda maƙwabta, ta tuƙa tuwon semo, ta kaɗa miyar kuka. Ƙamshin ɗakin Rabi ya cika ɗakin. Loma biyu na yi na ce gajiyar jirgi ce.

Washegari ta kai ni wurin aikinta. A zauren shiga na ga littattafai rataye a jikin wani gungumen katako, kowanne an huda shi an kafe da ƙusa. Wai al'adarsu ce, in ɗalibi ya gama, makonni kafin ranar gardama, wato ranar kare littafin, sai ya ɗauki guduma ya kafe littafinsa a bainar jama'a, duk mai ja ya zo ya karanta. Na ce mu a wurinmu wanda ya huda littafi da ƙusa duka zai sha. Ta nuna min nata. Ta buɗe shafin farko, da Hausa ta rubuta: "Ga Inna, wadda ta riga kowa fahimta. Ga Baba, wanda na gaji sana'arsa." Na ce gilashin idona na gida, alhali ban taɓa mallakar gilashi ba.

Maganar gadon sana'a kuwa ashe ba wasa take ba. Ɗakin gwajin cike yake da 'yan kwalabe masu ruwa kala-kala, ja, shuɗi, ruwan hanta. Ta ɗiga ɗigo a kan ɗan gilashi kamar faɗin akwatin ashana, injin ya juya shi, launin ya bazu ya kama. Na ce, "Ke! Na kai ki boko don kada hannunki ya yi shuɗi, ashe rini kika zo yi a ƙasar Turawa?" Shugabarta, wata tsohuwar farfesa da ke zuwa aiki a kan keke, kowa na kiranta da sunanta gatsal, ta sa aka fassara mata. Ta yi dariya, ta kama hannuna tana jujjuyawa, ta ce ita ma rini ta ɗauke shi.

Sai dai duk aikin a cikin wani akwatin gilashi ake yi, mai baƙaƙen safar hannu na roba da ake zura hannu ta ciki. Babu iskar duniya a cikinsa, don iska da laima na ɓata abin. Na ce, "Ni kuwa iska ke gama min aiki. Zane na fitowa daga ruwan baba, wato shuni, kore-kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi."

Ta ce, "To ka ga bambancinmu. Zo ka ga inda na ƙare shekara biyar."

Wani ɗaki ne mai baƙin labule, da teburi cike da 'yan madubai, da fitila mai harba haske ƙyaf-ƙyaf, da sauri fiye da yadda hankali zai kama. Ta zaunar da ni ta yi min bayani kamar mai koya wa ɗan aji uku, wanda dama shi ne.

"Launi biyu ake gaurayawa, Baba. Ɗaya mai bayarwa, ɗaya mai karɓa. In haske ya faɗo, ƙwayar lantarki na tashi daga mazauninta ta bar gurbi. Ita da gurbin suna jan juna, ba sa son rabuwa. Sai a kan iyakar launukan nan biyu suke rabuwa, ita ta bi ta cikin wannan, gurbin ya bi ta cikin wancan. In kowa ya kai nasa gefen, an sami wuta."

"In ba su kai ba fa?"

"Wasu tun a bakin iyakar suke komawa, ko taku ɗaya ba su yi ba. Wasu sai sun yi nisa, su gamu da wani gurbin a hanya su faɗa. In gaurayen ya yi laushi da yawa, ko'ina iyaka ce, sai su yi ta karo da juna. In ya yi gudaji-gudaji, ba sa ma isa iyakar balle su rabu."

Na ce, "Kamar haɗin baba da toka. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, ka yi asarar ramin rini."

"Ka ga! Ni aikina in auna nawa ne ke komawa, yaushe, kuma me ya jawo."

"In sun koma, ina ƙarfin ranar ke tafiya?"

"Yawanci ɗumi ne kawai, ya bi iska. Kaɗan ne ke fitar da wani ɗan haske da ido ba ya gani, sai inji. Ba a iya hana su komawa gaba ɗaya, Baba, sai dai a rage." Ta gyara wani madubi ta ƙara da cewa, "Sau ɗaya na gaya wa Inna a waya ta kama. Har cewa ta yi abin tausayi ne, su dai gida suke so."

Wannan kuwa Rabi ba ta gaya min ba. Na gode wa Allah da ɗakin duhu ne.

Ranar Alhamis aka yi gardamar. Na sa babbar rigata a kan rigar mata. Ita ta ɗaura zanen da uwarta ta aiko. Kafin a fara ta kafa wayarta a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku tana fuskantar dandamali, ta ce, "Na Inna ne, in ka koma ka kunna mata." An ɗauko wani mai sanƙo takanas daga wata ƙasa don ya ja da ita, wai haka ake yi. Awa uku yana jefa mata tambaya. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na san ciniki in na gan shi. Ya taya, ta ƙi. Ya nuna wani zane a bango ya girgiza kai, ta ɗauki alli ta cika allo, ya gyaɗa kai. Sau biyu na ji kamar in tashi in tambaye shi ko shi ba shi da 'ya. Malamai suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa, suka fito, tsohuwar farfesa ta yi magana, wuri ya ɗauki tafi. Mai sanƙon da na tsana shi ya fara rungume ta.

Ta kai bakin waya. Alkawarina ya cika, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Ana yanka kek, ana miƙa mata furanni, wajen la'asar, ta ja ni zuwa zauren nan na littattafai masu ƙusa, inda babu kowa. Fuskarta kamar an kunna fitila. Ta ce, "Baba, ba ni lambar Gwaggo ta Dass. Ko a kan dutse ne su hau su nemo sabis, yau sai na ji muryar Inna."

Na shirya maganganu tun daga Akwanga. Na shirya yadda zan fara da cewa jikin ya tsananta, in bi da ita a hankali, yadda ake yi. Duk suka gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da bai taɓa fitowa ba, kuma sau ɗaya zan rubuta shi a nan.

Na ce, "Safiya."

Wayar na hannunta, yatsanta a kai. Ba ta ɗago da sauri ba. Da ta ɗago, fitilar ta mutu.

"Yaushe?"

"Yau kwana goma sha shida."

Ta yi salati. Ta zauna a ƙasa, a kan tayil mai sanyi, da zanen da komai. Na ga leɓenta na motsi, ashe lissafi take.

"Juma'a biyu. Ran Litinin ma a jirgin ƙasa. Ka ce min da sauƙi."

Na durƙusa a gabanta, ni da ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Na gaya mata yadda aka yi, da Madam Rifkatu, da wayar da na jefa a baho. Na maimaita mata maganar uwarta kalma bayan kalma, ta 'yan abubuwa biyu da bakin waya, ina tsammanin in ta ji da yaren aikinta aka yi wasiyyar za ta sami sanyi.

Ta ce, "Baba, ni ba lantarki ba ce."



"Littafin nan da an ɗaga ranar. Wata ɗaya, wata uku, ana yi. Da kun tambaye ni." Ta share fuska da gefen zanen. "Wa ya yi mata wanka?"

"Gwaggonki, da matar liman."

"Da ni ce zan yi mata."

Can ciki ana ta dariya ana kiran sunanta. Ta tashi, ta wanke fuska, ta koma ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi furanninta. Ban san inda ta koyi wannan ba. Wataƙila a gidanmu.

Bayan kwana uku muka taho tare. A jirgi ita ta zauna a kujerar gefena. Ta ɗaura min ɗamara, ta buɗe min abinci, ta nuna min ƙofa a Istanbul don kada in ɓace, amma daga can har Bauchi maganarmu ba ta wuce "ga ruwa" da "taso" ba. Sauran daddawar ta dawo da ita a jakar hannunta, ta ce ba za a ci ba.

To, Alhaji Danjuma, ga amsarka: majina ba ta daskare min ba, suna wanka, Baturiya kuma ban duba ba. Kai ka ce na yi daidai, alkawarin mamaci ba a karya shi, ga shi yarinya ta zama dakta. Madam Rifkatu har yau in ta gaishe ni ba ta tsayawa. Ni kuwa in ina juya zane a baho, wani lokaci sai in ga Rabi ce da gaskiya, kafin in matse shi kuma na koma bayan Isiyaka.

Yau sati uku tana ɗakin uwarta. Zazzaɓi ya kama ta tun da muka sauka, bai gama sakinta ba. Kullum da safe takan fito ta durƙusa ta gaishe ni, yadda ta saba tun tana ƙarama, ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Yanzu ina kiran sunanta, tunda bakin ya riga ya buɗe. Jiya na tsayar da ita, na ce ta dube ni. Na tambaye ta ya jikin, ya kuma zuciyar.

Ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Da sauƙi, Baba."